Gafaka da Jere

Gidan sarautar Ingila ya fi ƙarni guda yana tara kan sarki. George na Biyar ne ya ɗauki abin da zafi: nasa tarin yana cikin littattafai masu jan bango, na ɗansa George na Shida cikin masu shuɗi, na jikarsa Elizabeth cikin masu kore. Sarki ke nan yana farautar kan sarki, sau da yawa ma kan nasa ne a jikin 'yar takardar. Tun da aka buga na farko a 1840 Turawa suka mayar da tara shi abin ɗebe kewa na gida guda: uba ya fara, ɗa ya ɗora, jika ya taso yana neman ƙwaya ɗaya da ta gagari kakansa. Ba a ci, ba a sha, ba a maganin ciwon kai da shi. Sha'awa ce tsagwaronta, kuma mai yi ba ya jin nauyin faɗa.

Yanzu bi hanyar da ta fita Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Boɗinga, ta bi ta Shagari ta nufi Tambuwal. Tsaya a zauren da ka ga dama, ku gaisa da dattijon gidan, ka tambaye shi abin da gidansu ya gada na tare-tare. Zai dube ka ya ce, "Mu ba mu tara komi, ɗana." Wataƙila a lokacin yana jingine ne da adaka cike maƙil da takardun kakansa, can cikin gida kuma ɗakin uwargida ya cika da kwanonin da ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Ba ƙarya ya yi maka ba. Kalmar da ka zo da ita ce bai karɓa ba.

Bahaushe yana son tarawa idan ta mutane ce ko ta abinci. Ana tara jama'a a ɗaurin aure, ana tara damman gero a kai rumbu, malami yana ce wa almajiri ya tara hankalinsa wuri ɗaya. Amma a ce "ai wane ya tara," a yi shiru ba a faɗi abin da ya tara ba, to ba yabo ake yi ba. Abin duniya ake nufi, kuma ana zuba ido a ga yadda za a ƙare. Dalilin ba shi da nisa. Yaron makarantar allo daga gajerun surori yake farawa, don haka kafin ya iya ƙirga canjin cefane ya riga ya haddace Suratul Humaza, wadda take kashedi ga mai tara dukiya yana ta ƙididdigarta. Wanda ya tashi da wannan a kunne ba zai so a san shi da tarawa ba, balle da ƙirga abin da ya tara. Idan kuma abin ba dukiya ba ne, to tarkace ne, mai tara tarkace kuwa ko yaro ne ko wanda ake tausayawa.

Sai ka sake tambaya, ka nuna adakar. Nan zai gyara zama. "Wagga ajiyam Malam ta, ba tawa ta ba." Malam ɗin ya kai shekara sittin a ƙasa, amma har yanzu adakar tasa ce. Ajiya abu ne da wani ya ba ka ka riƙe masa, yana da mai shi, kuma ana tsammanin ranar da za a zo a karɓa. Mai ajiya ba ya alfahari da ita, ba ya sa mata kuɗi, ba ya ba baƙo ya juya. Tambaye shi littattafai nawa ne a ciki, ya ce da dama. Baturen kan sarki ya san adadin nasa har da wanda ya yage a gefe. Wannan dattijo kuwa rashin ƙirgawar ma wani ɓangare ne na ladabinsa. Da wannan kalma ɗaya ya raba kansa da zargin tarawa, ya mayar da abin amana.

Boɗinga ta fi kowane gari cancantar a yi wannan magana a cikinta. Wajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya sauka Sifawa, ya zauna nan har 1815 kafin ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, tafiyar ƙafa tsakaninsu. An ci Alƙalawa tun 1808, ƙurar yaƙi ta soma lafawa, a Sifawa aka raba ɗawainiyar ƙasa a 1812, gabas ga ɗan Shehu, Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. To me mutumin da aka ɗora wa rabin daula ya zauna yana yi? Tarawa. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya da littattafan da ya karanta a gaban kowanne, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, zuwa wansa Shehu, zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. A 1813 ya kammala Tazyinul Waraƙati, wanda cikakken sunansa ma ya ambaci tarawa: ƙawata takardu ne ta hanyar tattara wasu baitocinsa. Bai zube waƙoƙin haka kawai ba. Kowace ya gabatar da ita da labarin abin da ya sa aka yi ta, shi ya sa masu tarihi suke komawa gare shi idan suna neman labarin Tabkin Kwatto, ko Alwasa, ko tafiyar da ya yi yana fushi da halin 'yan'uwansa har ya tsaya a Kano. Shi bai ji tsoron kalmar ba, domin abin da ya tara ba ya cika aljihu: sunayen malamai ne da baitoci, kuma ya tara su ne don a kwafa a watsa.

Gidan nasu gaba ɗaya haka yake. Shehu da Abdullahi da Bello sun bar rubuce-rubuce ɗaruruwa a tsakaninsu, ɗiyar Shehu, Nana Asma'u, ta ɗora, jikoki irin su Abdulƙadir ɗan Tafa suka biyo. A hijirar 1804 daga Degel zuwa Gudu, cikin abin da aka fi ba muhimmanci har da littattafan Shehu, waɗanda aka ɗora wa raƙuma da taimakon wani malami Buzu mai suna Agali. Mutanen da suka bar gidajensu da rumbunansu ba su bar takarda ba.

Sai dai ya kamata a dubi yadda littafin wancan zamani yake a hannu, don a jikinsa ake gane irin tarawar da ake yi. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su tsakanin bango biyu na fata, tadarishi ke nan, a ɗaure da tsirkiya, a zura cikin gafaka a rataye. A ƙasan shafi ana rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, don idan iska ko yaro ya hargitsa su a iya mayar da kowace warƙa mazauninta. Takardar kanta baƙuwa ce: ɗaga ta a rana, sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, alamar masana'antun arewacin Italiya, ta biyo ta Masar ko Tarabulus ta ƙetaro Sahara. Tsadarta ta sa ba a barin gefe fili, nan ake cusa sharhi da fassarar kalmomi da Fulatanci ko Hausa. Littafin da ba a ɗinke ba kuwa yana iya zama a hannun almajirai biyar a lokaci guda: wannan ya ɗauki babin tsarki, wancan ya tafi da babin gado, kowa ya kwafa ya dawo da shi. Tun daga ƙirarsa an yi shi ne don ya fita ya dawo. Mai littattafai a wancan zamani ba mai saye ba ne kawai, mai aro ne kuma mai kwafa, kuma duk wanda ya ara daga gare shi ya ƙara wa littafin rai ɗaya.

Abin da ba a kwafa ba kuwa kwanansa ƙirgagge ne. Da Hugh Clapperton, Baturen da ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya dawo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin Uƙulidis na ilimin handasa da Larabci. Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi a shekarar da ta gabata. Ƙwaya ɗaya ce, a ɗaki ɗaya, wuta ɗaya ta ishe ta. A Timbuktu ma, da masu bindiga suka ƙone takardu a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013, akasarin dukiyar garin ta tsira ne saboda tana warwatse a hannun iyalai, waɗanda suka riƙa fitar da ita a adakoki zuwa Bamako.

Idan ana neman gidan da ya riƙe tari guda daga kaka zuwa tattaɓa-kunne a ƙasar Sakkwato, gidan Waziri ne. Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello kuma mijin Nana Asma'u, shi ne tushe. Wasiƙun sarakunan gabas ta hannun waziri suke bi, saboda haka gidan ya zama matattarar takardu. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903 sun tarar da tulin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a Legas a 1927. Ɗan Buharin nan, Junaidu, an haife shi a 1906, ya hau wazirci a 1948 ya riƙe har rasuwarsa a 1997. Abin da ya bambanta shi da sauran masu ajiya shi ne ya karanta abin da ya gada, ya kwafa, ya ƙara da nasa, kuma ya buɗe ƙofa. A gabansa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. A gidan ne Jean Boyd ta sami rubuce-rubucen Asma'u cikin gafakarsu, waɗanda ita da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Hukumar tarihi da al'adu ta jihar sunansa take ɗauke da shi yau, kuma ya ci wannan suna.

Amma gidan Waziri gida ne mai sarauta, sarauta kuwa takan riƙe kaya wuri ɗaya domin kujerar ba a raba ta. Gidan malamin ƙauye ba haka yake ba. Ranar da ya rasu, bayan an biya bashi an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, duk abin da ya bari sai an raba, namiji rabon mata biyu, kuma littafi dukiya ne kamar jaki da gona. Risala ta tafi ɗakin wannan, Ishiriniya ta bi wancan, Muhtasar ya faɗa rabon ɗiyar da ke aure a wani gari. Haka za ka ga littafin da aka kwafa a Sifawa ya kwana a Kajiji ko Dandin Mahe ko Yabo. A Ingila a da babban ɗa ne yake gaje gidan da abin da ke cikinsa, shi ya sa ɗakin karatu guda yake iya shekara ɗari uku bai motsa ba. A nan kowace mutuwa tana warware tarin, kowane ɗa da ya damu sai ya sake tarawa daga farko: ya bi 'yan'uwa yana aro, ya sayi na wanda bai damu ba, ya kwafi wanda aka hana shi.

Akwai masu ganin wannan asara ce, ni ban gan shi haka ba. Rabon nan shi ya kai littafi gidajen da ba su taɓa mallakarsa ba, shi ya hana ilimi ya zama na zuriya ɗaya. Ɓarnar tana zuwa ne idan magada suka kasa sasantawa har aka raba littafi guda, wannan ya ɗauki rabin farko wancan rabin ƙarshe, abin da rashin ɗinki ya sauƙaƙa. Malaman da suka hango haka sukan yi hubusi, su rubuta a warƙar farko cewa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Abin da uba yake miƙa wa ɗa a irin wannan gida, idan an yi sa'a, ba adakar ba ce. Halin nan ne na kasa wuce takarda a yashe.

Idan ba a yi sa'a ba fa? Nan ne kalmar ajiya take juyowa ta ci mai ita. Magajin ya yi boko, ko ya tafi ci-rani, bai iya karanta rubutun hannu irin na Magariba ba, balle ajamin Fulatanci. Yana girmama adakar fiye da kakansa da ya cika ta, don kakan yana buɗewa kullum, shi kuwa tsoronta yake ji. Sai a tura ta ƙarƙashin gado (gado a ƙarƙashin gado, in ji masu wasa da harshe), a hana yara taɓawa, a hana baƙo gani. Ajiya ta koma ɓoyo. Gara ba ta san amana ba; ta ƙasa take shiga, kuma ɗakin ƙasa mai yoyo a watan Agusta gidanta ne. Ranar da aka buɗe sai a tarar da gari. Abin da ya rage, saboda akwai sunan Allah a ciki, a haƙa rami a binne shi da ladabi. An cika amana ta fuskar rashin sayarwa, an tozarta ta ta fuskar da mai ajiyar ya fi damuwa da ita. Tun shekarun 1960 masana daga Ibadan da Zariya suka riƙa yawo suna aron takardu su ɗauki hotonsu su mayar, Gidan Arewa a Kaduna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun ci gaba da irin wannan aiki, amma ƙofar da aka rufe da sunan amana ta fi wadda aka rufe da kwaɗo wuyar buɗewa.

Cikin adakar akwai abu ɗaya da ba a yi don kowa ya gani ba: kundi. Shi ne tarin warƙoƙin da malam yake rubuta abin da ya tsinta a rayuwarsa, addu'ar da wani shehi ya ba shi, laƙani, hatimi, maganin kunama, ranar haihuwar ɗiyansa, shekarar da aka yi fari, bashin da ake binsa. Ba shi da babi, ba shi da farko balle ƙarshe, kuma ba ya ƙarewa sai mai shi ya ƙare. Ɗan da aka yarda da hankalinsa ake ba, shi kuma ya ci gaba da cusa nasa, har ka ga hannu uku ko huɗu a kundi guda, tawada tana canzawa daga ta ƙaro zuwa biro. Abin sha'awa ne yadda wannan kalma ta sirri ta fita kasuwa: yau ɗalibin jami'a kundi yake rubutawa, tsarin mulkin ƙasa ma kundi ake kiransa. An ɗauki sunan, an bar ɗabi'ar, domin waɗannan an ɗinke su an sa musu ranar gamawa.

Duk wannan zancen zaure ne. A shiga cikin gida, don a can ne tarawar da ta fi kama da ta masu kan sarki take, kuma mata ba su taɓa ɓoye ta ba. Sunanta jere.

Kalmar ta faɗi abin da ya raba tari da tarkace. Tuli ne idan an zube, jere ne idan an bi girma da launi da iri, babba a ƙasa ƙarami a sama, kowane da murfinsa. Kakannin kakanni ƙorai suke jerawa, masu zane da farare, da akusa da faya-fayai. Aka zo zamanin tasoshi da kumbo, sannan kwanon sha da na ci masu fenti suka shigo daga Turai da Hankon, daga baya masana'antun Kano da Legas suka riƙa yi: langa, samira, fanteka, kwalla. Bayansu tangaran ya hau kabad, yanzu kuloli da gilasai ne ke yayi. Mai ido yana shiga ɗakin tsohuwa zai karanta shekarun aurenta a bango, har ya gane wanne ne nata, wanne ta gada daga innarta. Akasarinsu ba a taɓa ɗora su a murhu ko zuba musu miya ba. Ana sauke su a wanke, a goge, a mayar. Kuma saɓanin maigida da littattafansa, uwargida ta san adadin kayanta sarai. Murfi ɗaya ya ɓace, gidan ba zai kwana lafiya ba.

Me ya sa ba a zargin ta da tarawa? Saboda kowa ya san inda kayan za su. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yarinya tana goye uwa take fara sayen kwano ɗaya-ɗaya, da kuɗin adashi, da ribar ƙuli-ƙuli ko fura, da abin da tallar yarinyar kanta ta kawo. Ranar da aka sa biki sai ta dubi bangonta ta fara saukewa. "Ɗauki wagga, ta innata ta," ta miƙa wa ɗiya tasar da ta fi so. 'Yan jere su kwashe su tafi ɗakin amarya su yini suna gwadawa suna sakewa, mata su yi ta shigowa kallo. Uwa mai 'ya'ya mata biyar sau biyar take rushe jerenta, sau biyar take sake ginawa. Kayan kuma mallakarta ne ita kaɗai, miji ba shi da iko da ko cokali. Idan rana ta ɓaci ta sayar da fanteka biyu ta sayi hatsi ko magani, idan aure ya mutu ta kwashe abinta. Ado ne, asusu ne, takardar shaida ce ta cewa tana da dangi. A tsakanin waɗannan ma'anoni akwai sha'awa zalla wadda ba a cika faɗa ba: jin daɗin samun samira ta shida da ta cike saiti, wadda aka daɗe ana nema kasuwa-kasuwa. Wannan jin daɗi bai bambanta da na George na Biyar ba ko kaɗan.

Mata ne kuma suka riƙe wata irin tarawar da gara ba ta ci. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin da aka sani da 'yan taru: jaji, tsohuwa mai kamala wadda aka naɗa wa malfa, takan jagoranci mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin karantarwa, su koma su koya wa waɗanda ba su iya fita ba. A nan ba kaya aka tara ba, mutanen ne suka taru, ƙirjinsu ya zama gafaka. Tara da taru tushe ɗaya ne, amma na biyun ba a taɓa jin an zarge shi ba.

Shagari ta ba da nata misali a zamanin boko. Alhaji Shehu Shagari, ɗan Magajin garin, an haife shi a 1925, kuma kafin siyasa malamin makaranta ne. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, wadda ta tattara garuruwa da koguna da al'ummu da tarihin ƙasar cikin baitoci don yara su riƙe. Dabarar ta su Malam Abdullahi ce, darasin ne sabo: abin da kake tsoron ya watse, ɗaure shi da ƙafiya. A 1978, shekara guda kafin ya zama shugaban ƙasa, shi da Jean Boyd suka fitar da ɗan littafi kan shugabancin Shehu Usmanu. Ya yi mulki daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, ya rasu a Disamba 2018 aka binne shi a garinsu. Zamanin nasa shi ma ya bar abin ajiyewa a gidajen talakawa: tsohuwar kalanda, bajo mai hoton gida da masara na jam'iyyar NPN, hoton da aka ɗauka ranar wata ziyara. Ba wanda ya zauna ya ce zai tara su. An dai kasa zubarwa, shekaru suka mayar da su tarihi.

Yawancin tarin gidajenmu haka yake samuwa, ta hanyar kasa zubarwa. Gwangwani mai aninai da kwabo mai huji, da taro da sisi da sule, kuɗin da aka kashe kafin shigowar naira a 1973, waɗanda suka daina sayen komai. Wuri 'yan ƙwayoyi, wanda jam'insa ne ya ba mu kalmar kuɗi. Liyari mai kan Mariya Tariza, da 1780 a jikinsa ko yaushe aka buga shi, wanda tsofaffi suke ratayawa a wuya. Kwali cike da kaset na Narambaɗa da Ɗan Anace da tafsirin azumin shekarun baya, rediyon da za ta juya su kuwa ta daɗe da mutuwa. Ban da masu jere, yara ne kaɗai suke tarawa da gangan kuma su faɗa da baki, marafan kwalba da kwalayen ashana, har ranar da inna za ta share ɗaki.

Jikokin yanzu sun fi kowa tarawa, ko da yake su ma ba za su kira shi haka ba. Wayar saurayi ɗaya a Boɗinga tana iya ɗauke da hotuna dubbai, da karatun malamai na shekaru, da muryar kakarsa tana ba da labarin yunwar da ta gani. Wasunsu sun fara abin da ya dace: su lallaɓi tsoho ya buɗe adaka, su ɗauki hoton warƙoƙi ɗaya bayan ɗaya, su tura wa dangi ta WhatsApp, wanda ke Legas da wanda ke Yamai kowa ya samu. Kwafa ce irin ta da, ta rage wahala, sai dai ta rage wani abu kuma: almajirin da ya kwafi babi da alƙalamin kara dole ya karanta kowace kalma, mai ɗaukar hoto kuwa yana iya gama littafi bai san sunansa ba.

Masu rabon gado kuma sun sami sabon aiki. Mutum ya rasu ya bar waya a kulle, lambar buɗewa ta tafi da shi. A lissafin magada waya ce, ana yi mata kuɗi gwargwadon ƙirarta da lafiyar gilashinta, a sa ta a rabon wani. Shi kuma ya kai ta wurin mai gyara a kasuwa, a goge duk abin da ke ciki don ta buɗu, ya sa layinsa.